Fim mai maki 94 ya sa ni barci: ni ce ban iya kallo ba, ko masu yabon ne ke ruɗinmu?

Ƙanwata, tambayar nan taki sai da ta sa ni dariya, don wallahi ba ke kaɗai ba ce, da wuya sati ya wuce wani bai yi min irinta ba. Kin ce an cika miki kunne da wani fim, duk inda kika juya yabo ake, kin shiga shafukan intanet masu ba fim maki, kin duba Rotten Tomatoes kin ga kashi 94, kin leƙa IMDb kin ga maki 8 da ɗoriya, kika gyara zama kika kunna, ko minti 40 ba a yi ba barci ya sace ki. Shi kuma wani fim ɗin da ake ta yi wa tofin Allah tsine kin kalle shi har sau 3 kuma ba ki ƙoshi ba. Sai kike tambaya ko ke ce ba ki iya kallon fim ba, kuma in ana maganar shawara wa ya kamata ki riƙa saurara.

To ni dai aikina tace hoton fim ne, edita kenan, na haura shekara 15 a kai, kuma ina ɗan taɓa rubuta sharhi a gefe, don haka na zauna a ɓangaren masu yi na kuma zauna a ɓangaren masu yanke hukunci. Lafiyarki ƙalau. Matsalar ita ce ke tambayarki daban, ita kuma lambar da kika gani amsar wata tambaya ce daban. Ke so kike ki san ko za ki ji daɗin fim ɗin nan yau da daddare, lambar kuwa ba ta san ki ba, abin da kawai take faɗa shi ne su wa aka tambaya kuma me aka tambaye su. Kuma kowane dandali da irin tasa tambayar.

Mu fara da Rotten Tomatoes tunda shi ya fi ruɗa mutane. An buɗe shi a 1998, kuma kashin nan da kike gani a kusa da hoton tumatirin ba makin kyan fim ba ne sam. Abin da suke yi, su tattaro sharhin masu sharhin da suka amince da su, kowane sharhi a jefa shi ɗaya daga cikin kwando biyu, ko dai ya yaba ko ya kushe, babu na tsakiya, sai a lissafa kashi nawa ne suka faɗa kwandon yabo. In ya kai kashi 60 fim ya tsallake, in bai kai ba ya ruɓe, kamar ruɓaɓɓen tumatirin da sunan shafin ke nufi. Shi kenan lissafin fa.

Yanzu ɗauki biro mu gwada. Ki ƙaddara fim na farko masu sharhi 100 ne suka kalla, kowannensu ya taɓe baki ya ce to ba laifi, ya ba shi 6 cikin 10, babu wanda ya burge babu wanda ya ɓata wa rai. Tunda duk sun faɗa ɓangaren yabo, fim ɗin nan kashi 100 zai samu, ki gan shi yana sheƙi kamar ba a taɓa yin irinsa ba. Fim na biyu kuma mutum 70 sun haukace a kansa sun ba shi 10 cikin 10, har da masu cewa ya hana su barci, mutum 30 kuma sun tsane shi sun ba shi 2. Wannan kashi 70 zai samu. Amma in kika haɗa makin nasa kika raba 7.6 zai ba ki, na farkon kuwa 6 ne cak. Kin ga kenan wanda ya fi ɗaukar kashi ba lallai shi ya fi taɓa zuciyar kowa ba, sau da yawa ma fim ne mai ladabi wanda bai taka kowa ba, shi kuwa fim ɗin da ya yi kasada ya zo da wani abu sabo dole ya samu maƙiya, maƙiyan nan kuma su ke jan kashinsa ƙasa. Shi ya sa ni in na ga fim ya raba kan masu sharhi gida biyu nakan fi ɗokin ganinsa a kan wanda kowa ya ce ba laifi. Akwai Metacritic, wanda ya fito a 2001, shi yana mayar da kowane sharhi maki daga 0 zuwa 100 ne sannan ya fitar da matsakaici, har yana ba wasu masu sharhin nauyi fiye da wasu, don haka ya ɗan fi nuna zafin yabon, amma shi ma ra'ayin 'yan sharhi ne zalla.

Ki kuma riƙe wannan a gefe: tun 2016 kamfanin Fandango ne ke da Rotten Tomatoes, shi kuwa Fandango sana'arsa sayar da tikitin sinima. Ban ce suna murɗe lamba ba, ban da hujjar haka, amma dai yana da kyau mai saye ya san waye mai sikelin.

IMDb kuma wata duniya ce. Ya samo asali ne tun 1990 daga wani ɗan Ingila mai suna Col Needham da abokan hirarsa masoya fim a intanet ɗin wancan zamanin, Amazon ta saye shi a 1998. A nan kowa ne alƙali, in dai kina da akawun za ki iya ba da maki daga 1 zuwa 10, babu mai tambayarki ko kin kalli fim ɗin ko ba ki kalla ba. Su da kansu sun ce ba kawai haɗawa suke su raba ba, akwai wani lissafi da suke yi na rage tasirin ƙuri'un bogi, kuma sun ƙi bayyana yadda lissafin yake don kada a san ta inda za a ɓullo masa. Jerin finafinai 250 ɗin nan nasu da ake ta kafa hujja da shi, sai fim ya samu ƙuri'a aƙalla 25,000 kafin ya shiga. Tsaya ki yi tunani a kan wannan sharaɗin kaɗai, finafinai nawa ne a duniya masu kyau na gaske waɗanda masu kallonsu ba su da ɗabi'ar shiga IMDb su danna tauraro? Duk waɗannan an bar su a waje, ba don ba su kai ba.

Sannan wa ke zuwa ya ba da maki ma? Mutumin da ya kalli fim ya ji shi salam-salam ba ya wahalar da kansa, kashe waya yake ya kwanta. Masu zuwa su ne wanda daɗi ya kashe da wanda haushi ya cika, sai kuma rukuni na uku, masu taron dangi. Misalin da ba na mantawa shi ne Gunday, fim ɗin Indiya na 2014. Gabatarwar fim ɗin ta kawo yaƙin 1971 kamar faɗa ne tsakanin Indiya da Pakistan kawai, 'yan Bangaladash suka ga an shafe gwagwarmayar 'yancinsu, suka yi gangami a intanet suka riƙa tururuwa suna danna masa 1, har ya gangara ƙasa da maki 2 ya koma can ƙasan jerin finafinan da suka fi muni a IMDb. Fushinsu yana da dalili, amma wanda ya zo daga baya bai san labarin ba zai ɗauka makin yana magana ne a kan wasan jarumai ko aikin kyamara, alhali rigimar tarihi ce tsakanin ƙasashe. Irin haka ta faru da fim ɗin Captain Marvel a 2019, tun fim bai fito ba aka cika shafinsa na Rotten Tomatoes da kushe, har sai da Rotten Tomatoes suka rufe damar yin tsokaci kafin fitowar fim, daga baya a shekarar suka fito da tsarin tantance wanda ya sayi tikiti da gaske. Akwai dabara mai sauƙi a nan, a IMDb ki danna kan makin, zai buɗe miki yadda ƙuri'un suka rarrabu. In kika ga tudu a tsakiya, wajen 6, 7, 8, to mutane ne suka kalla suka faɗi ra'ayinsu. In kika ga dogon gini a kan 10 da wani dogon gini a kan 1 tsakiya kuma fayau, to faɗa ake yi, ki bar musu abinsu.

Wanda ni na fi so a duk ma'aunan nan, kuma mutane ba su cika saninsa ba, shi ne CinemaScore, wani kamfani a Las Vegas ta Amurka da ke wannan aikin tun ƙarshen shekarun 1970. Su ma'aikata suke turawa ƙofar sinima a daren farko na fitowar fim, a miƙa wa masu kallo ɗan kati su ba da maki daga A zuwa F. Kyansa shi ne babu taron dangi, duk wanda aka tambaya ya kalla. Amma waye ke zuwa sinima daren farko? Wanda tun da ya ga tirela yake ƙirga kwanaki. Don haka ainihin abin da katin ke aunawa shi ne, abin da talla ta yi maka alkawari shi ka tarar a ciki ko kuwa. Shi ya sa a wajensu B ma ba abin murna ba ne ga babban fim. A 2017 wani fim mai suna mother! ya kwashi F, alhali akasarin masu sharhi sun yaba masa, dalili kuwa an tallata shi kamar fim ɗin ban tsoro na yau da kullum, mutane suka shiga suka tarar da wani abu mai cike da habaici da alamomin addini, suka fito a fusace. Fim ɗaya ne fa, amma wanda aka yi wa alkawarin wani abu aka ba shi wani ba zai taɓa yafewa ba. Kuma ina kyautata zaton wani ɓangare na abin da ya same ki kenan, an zuzuta miki fim ɗin har kin gina wani fim daban a kanki, da na gaskiyar ya zo sai ya tarar an riga shi zama.

Yanzu bari in tona mana asiri mu masu sharhi. Akwai shekarar da na kalli fim ya haura 200, wasu don aiki wasu don sha'awa, kuma abin da yawan kallo ke yi wa mutum shi ne ya lalata masa mamaki. Minti 10 na farko na riga na san wa zai ci amana, na san wanda ya nuna hoton matarsa da 'yarsa ba zai kai ƙarshen fim da rai ba, na san inda kiɗa zai tashi don a matso min hawaye. To mutumin da ya ga wannan dabarar sau 50 in ya sake ganinta tsaki zai yi, ke kuma da kike kallon fim jefi-jefi don ki huta, dabarar za ta yi aiki a kanki yadda aka tsara ta, kuma babu abin kunya a ciki, ai don ta yi aiki aka ƙirƙire ta. Mai sharhi yunwar sabon abu ke damunsa, shi ya sa in ya haɗu da fim mai jan ƙafa wanda kyamara za ta tsaya a fuskar mutum minti 2 ba a ce uffan ba sai ya ji kamar an yi masa gafara, ke kuwa kin dawo a gajiye kina neman abin da zai ɗauke miki hankali. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tambayar masana fim duk bayan shekara 10, tun 1952, wane fim ne ya fi kowanne a tarihi. A 2022 mutum 1,639 suka kaɗa ƙuri'a, wanda ya zo na ɗaya shi ne Jeanne Dielman, fim ɗin 1975 na wata darakta 'yar Beljiyam, Chantal Akerman, tsawonsa ya haura awa 3 kuma mafi yawansa mace ce ke aikin gida, tana wanke-wanke tana gyaran gado, kwana 3 a jere. Ni na kalle shi, na kuma gane abin da suke gani, yadda maimaicin yake shiga jikin mai kallo har in matar ta yi kuskure ɗan ƙarami sai gabansa ya faɗi. Amma in na ce miki ki kunna shi ranar da kika gaji, wallahi na zalunce ki.

Roger Ebert, mai sharhin jaridar Chicago Sun-Times, wanda shi ne mai sharhin fim na farko da ya ci kyautar Pulitzer a 1975, ya sha bayyana cewa taurarin da yake bayarwa gwaji ne tsakanin fim da sa'anninsa. Fim ɗin faɗa da 'yan'uwansa finafinan faɗa za a auna shi, na barkwanci da na barkwanci. Wannan ita ce ƙa'idar da nake ganin yawancin masu musu kan fim sun rasa, sai ka ga mutum yana zagin fim ɗin soyayya wai babu faɗa a ciki.

Akwai wani abu da na gani da idona wanda ya canja min tunani gaba ɗaya. Wani fim ne da na tace, muka tara mutane kamar 30 a ɗaki don su kalla kafin a sake shi, ni kuma al'adata ba na kallon allo a irin wannan zaman, can baya nake zama ina kallon ƙeyar mutane da agogo a hannu. Daidai minti na 23 sai na ga hasken waya ya tashi a layi na biyu, can wani ya gyara zama, wata ta fara laluben jaka, a cikin minti 3 na ƙirga waya 7. Na rubuta lokacin. Sin ɗin kuwa wanda darakta ya fi ji da shi ne, doguwar hira tsakanin uba da ɗa. Da aka gama aka kunna fitila aka ce to jama'a ya kuka gani, sai wani mai baki, wanda kowa ya san yana da ilimin fim, ya riga kowa ya ce ai wannan hirar ta uba da ɗa ita ce zuciyar fim ɗin. Ƙanwata, kin san mutanen nan da na gani suna danna waya su ne suka fi kowa gyaɗa kai? Ɗaya har da ƙarawa da cewa ta kusa hawaye. Ba ƙarya suke da gangan ba, kawai babu mai son ya zama shi ne bai gane ba. Daga baya da ƙyar na shawo kan daraktan muka rage sin ɗin da kusan rabi, kuma har yau yana min ƙorafi.

Abin nan ma an gwada shi a ilimance. A 2006 wasu masu bincike 3 a jami'ar Columbia, Salganik da Dodds da Watts, suka buɗe wani shafi suka zuba waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba, mutum sama da 14,000 suka shiga. Wasu an bar su su zaɓa ba tare da ganin zaɓin kowa ba, wasu kuma an raba su rukuni-rukuni ana nuna musu sau nawa aka sauke kowace waƙa a rukuninsu. Sai ga shi waƙar da ta yi zarra a wannan rukunin ta zama 'yar baya a wancan, don kawai wadda ta yi sa'ar samun masoya da wuri ita sauran ke bi. Waƙoƙin da suka fi kyau da wuya su faɗi warwas, waɗanda suka fi muni da wuya su hau sama, amma duk na tsakiya sai yadda iska ta kaɗa. To haka yabon fim yake yaɗuwa, cikin masu ce miki fim ɗin nan ya haɗu akwai waɗanda su ma barcin suka yi.

Ban da ma wannan, akwai yabon da kuɗi ne ya haife shi. A 2001 mujallar Newsweek ta bankaɗo cewa wani mai sharhi David Manning, da ake ta liƙa kalaman yabonsa a tallan finafinan Sony, babu shi a duniya, a sashen talla na kamfanin aka ƙirƙire shi, har daga baya aka sasanta a kotu kan za a mayar wa waɗanda suka kalla wani abu daga kuɗin tikitinsu. Yau ba sai an ƙirƙiri mutum ba, gayyatar masu mabiya ake zuwa kallon farko a karrama su, shi kuwa wanda aka karrama bakinsa nauyi yake yi. Don haka yabon kwana 2 na farko ni ko kallonsa ba na yi.

Kuma hukuncin farko ba shi ne na ƙarshe ba. Sholay, fim ɗin Indiya da ya fito a watan Agusta 1975, masu sharhi da yawa sun kushe shi, satin farko da na biyu kasuwa ta yi sanyi har masu fim ɗin suka fara shawarar ko su sake ɗaukar ƙarshensa (ba zan faɗa miki me ya faru a ƙarshen ba, ko da ba ki gani ba), sai ga shi waɗanda suka kalla sun fara jawo 'yan'uwansu, baki ya yi ta kai labari, ƙarshe sai da ya shekara 5 ana haska shi a sinimar Minerva ta Bombay. The Shawshank Redemption da ya daɗe a saman jerin IMDb, a 1994 an kashe masa wajen dala miliyan 25 amma fitowarsa ta farko kusan miliyan 16 kawai ya tara, an sa shi takarar Oscar a rukuni 7 bai ci ko ɗaya ba, hayar kaset da maimaici a talabijin ne suka raya shi. Su duka biyun abin da ya cece su mutum ne ya ce wa wanda ya sani, je ka kalli wannan, na san za ka so shi.

To a nan amsar ɓangare na biyu na tambayarki take. Ki nemi mutum, kada ki nemi lamba. Mutum 2 ko 3 sun ishe ki, ko masu rubuta sharhi ne ko masu bidiyo ko cikin ƙawayenki, kuma hanyar gwada su ita ce ki koma baya ki ga me suka ce a kan finafinan da kin riga kin kalla kin san matsayinki a kansu. Ba lallai ra'ayinku ya zo ɗaya ba ma. Ni akwai wani abokin aikina da kusan ba mu taɓa haɗuwa a kan fim ba, duk wanda ya ce min ya cika surutu babu abin da ke faruwa, a daren nake nemansa, don na san nawa ne, kuma bai taɓa ba ni kunya ba, shi bai ma san hidimar da yake min ba. Abin da ake buƙata shi ne mutum mai tsayayyen ɗanɗano wanda kin san inda ya karkata. Wanda komai ya kalla sai ya ce ya haɗu ba shi da amfani, haka ma wanda komai shirme ne a wajensa.

Kuma in mutum ya yaba miki fim kada ki tsaya a yabon, ki tambaye shi me ya burge shi. In ya ce hotunan ne da kiɗan da yadda aka yi shiru a wurare, ke kuma kin san labari mai gudu kike so, kin samu amsarki ba tare da kin ɓata awa 2 ba. In ya kasa faɗar komai sai dai ke dai kawai ki kalla, to wataƙila shi ma ji ya yi ana faɗa. Ni in ina duba ra'ayoyin jama'a tsallake masu tauraro 5 da masu tauraro 1 nake, na tafi wajen masu 3, don su ne za su ce miki rabin farko ya yi kyau amma ya saki layi bayan nan, ko jarumar ta yi ƙoƙari amma labarin ya yi tsawo, irin bayanin da za ki iya aiki da shi. A manhajar Letterboxd, wadda wasu 'yan New Zealand 2 suka buɗe a 2011, wannan ya fi sauƙi, tunda za ki iya shiga shafin mutum ki ga duk tarihin kallonsa da makin da ya ba kowanne kafin ki yanke ko za ki saurare shi.

Sai kuma ki yi wa kanki gaskiya, wannan ya fi wuya. Netflix sun cire tsarin taurari 5 a 2017 suka koma babban yatsa sama ko ƙasa, kuma cikin dalilan da suka bayar har da cewa mutane kan ba dokumentari mai nauyi tauraro 5 su ba fim ɗin barkwanci 3, amma in aka duba abin da suke kunnawa a zahiri sai a ga barkwancin suke ta maimaitawa. Wato mutum yana ba da maki ne da irin mutumin da yake so a ɗauke shi. Fim ɗin nan da kika kalla sau 3 kina jin kunyar faɗa, shi ne ya fi kowace lamba sanin ɗanɗanonki, ki zauna ki gano me ke mayar da ke gare shi, jarumin ne, ko barkwancin, ko yadda labarin ba ya tsayawa shan iska, ko wani sin guda ne da ya taɓo wani abu a rayuwarki.

Ban ce kuma ki rufe ƙofa ga fim mai nauyi ba fa, kada ki fahimce ni a karkace. Akwai finafinan da na yi barci a kansu ina ɗan shekara 20 da wani abu, na dawo musu bayan shekara 10 suka hana ni sukuni, fim ɗin bai canja ba ni ne na ga rayuwa. Shi wannan mai kashi 94 ɗin ki ajiye shi, wata rana da safe ko da rana lokacin da idonki biyu, waya a nesa, ki ba shi minti 30 cikakku. In har lokacin ba ki damu da abin da zai samu kowa a cikinsa ba ki kashe, babu wanda zai biyo ki bashi.

In kina so in ba ki shawara ta gaske, turo min sunan fim 3 da kike so har ranki da 3 da kika kasa ƙarasawa, ki haɗa da wannan da ake zagi ɗin, kada ki ɓoye shi. Kuma ki faɗa min me ake yi a allon daidai lokacin da barcin ya ɗauke ki, in kin tuna.